Shekarar da Gara Ta Shiga Ruhewar Dokin Baba

Mahaifina wanzami ne, kuma a duk unguwarmu a Bodinga shi kaɗai ne talaka mai doki. Dokin aiki ne, baƙi, irin wanda ake ce wa akawal. A kansa Baba yake rataya zabira ya tafi suna ko kaciya ko ƙaho har Lambara da Kajiji da Mandera, ya dawo da damin dawa ɗaure a bayan sirdi, don mutanen ƙauye da hatsi suke sallamar wanzami. Wannan dawar ba ta shiga tukunyarmu. Baba cewa yake yi doki ya ɗauko ta, doki zai ci ta. Haka ya tsara gidansa, kuma ba a taɓa samun mai mayar masa da magana ba sai da Allah ya kawo ni da wannan bakin nawa.

A tsakar gidanmu akwai rumbuna biyu na ƙasa, waɗanda mu a can muke ce wa ruhewa. Babbar ta geronmu ce, ita ake ɗiba tun daga kaka. Ƙaramar ta doki ce, tsayinta ya fi mutum ya miƙa hannu sama da kaɗan. Ita wannan in an cika ta da kaka sai a liƙe bakinta da laka, a kifa mata hular ciyawa, ba a sake taɓa ta sai bazara, lokacin da daji ya ƙone, harawa ta ƙare, ba abin da dabba za ta sa a baki. Abin da ke cikinta shi ke ƙetarar da doki har ciyawar damina ta fito.

Dokokin ajiyar Baba ba su da yawa, amma yaron da ya karya ɗaya ya sha tsumagiya. Dawa ba ta shiga ruhewa sai ta bushe ƙayau, ya ciji ƙwaya ya ji ta ce ƙas. A share ciki, a kunna kara hayaƙi ya kori duk abin da ya kwana, a zuba toka a ƙasa, a jera dami, a barbaɗa toka da dakakken barkono, a shimfiɗa ganyen ɗoɗɗoya, sannan a ɗora wani jerin. Ita kanta ruhewar bisa duwatsu take zaune, ƙarƙashinta a share tas yadda kaza za ta ratsa, kowane dutse kewaye da toka. Harawa sama ake kai ta, cikin rassan tsamiyar ƙofar gida, inda akuya ba ta kai ba. Dusa kuwa cikin randa, a rufe, a danne murfin da dutse saboda ɓera da gafiya. Dokar da ta fi duka ita ce kada wani abu na itace ko na kara ya taɓa ƙasa ya kuma taɓa jikin ruhewa, ko taɓarya ce ko tsintsiya. Baba ya ce gara ba ta hawa sai ka shimfiɗa mata hanya da hannunka. Yana alfahari da cewa tun da ya gina ruhewar nan gara ba ta taɓa ɗanɗana ƙwaya ɗaya a cikinta ba, kuma gaskiyarsa ce.

Akwai wata dokar da ba shi ya kafa ta ba, gadonta aka yi. Mace ba ta leƙa ruhewa. Ɗa namiji ma yana iya hawa ya ciro dami in an sa shi, amma fasa lakar bakin ruhewa sai mai gida da hannunsa. In ka ga wani ya fasa bakin ruhewar mutum, to mai ita ya mutu ana shirin rabon gado. Kowa a garinmu ya san wannan, ba sai an faɗa ba.

Shekarar da nake ba da labarinta cikin yaƙin Turawa ne. Mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gidanmu. Innarmu ta daɗe da rasuwa, saboda haka gidan mu uku ne: ni, da Baba, da ƙanena wanda ke noma gonar. Na tarar idanun Baba sun yi yana, fari fat. Mutane sun daina aiko masa, don wa zai miƙa kan jinjiri ga mai askar da ba ya gani? Shi kuwa bai taɓa yarda ya ce ba ya gani ba. Sai ya ce rana ce ta yi masa yawa, in an sha iska zai washe. Kullum da safe zai bi bango da hannu har turke, ya shafa wuyan dokin, ya dama masa dusa da ruwan kanwa, ya tsaya yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Abin da ya rage masa na mazantaka ke nan a duniya, kuma mun sani.

Da kakar nan ƙanena ya cika ƙaramar ruhewa da dawar gonarmu, Baba na tsaye yana ba da umarni, yana shinshina kowane dami. Aka liƙe baki. Ƙanena ya kama tsani zai ɗauke, wato guntun itacen nan da aka sassaƙa wa matakai, sai Baba ya ce a bar shi nan, zai riƙa hawa yana duba hular kada iska ta karkatar da ita. Ƙanena ya dube ni, na dube shi. Mutumin da ya taɓa zane mu saboda taɓarya, yau shi ke cewa a bar itace jingine da ruhewa. Amma ɗauke tsanin nan daidai yake da ce masa ba zai sake hawa ba har abada, kuma a cikinmu babu mai wannan ƙarfin halin ranar. Ƙanena ya zuba toka a gindinsa, aka bar shi.

Ba a jima ba aka zo ɗiban mutane zuwa haƙar kuza, aikin tilas na Turawa a wata ƙasa mai nisa. Dagaci ya ce kowace unguwa sai ta ba da maza, ƙanena ya faɗa cikin waɗanda aka tafi da su, ba wanda ya gaya mana ranar dawowa. Hatsi ma a lokacin karɓa ake yi ana kaiwa can, har ya zama ko kana da abin saye ba ka ganin dawa a kasuwa. Geronmu na babbar ruhewa, in an yi tsimi, zai kai mu biyu damina da ƙyar. Maƙwabcinmu ke hawa ya ciro mana in Baba ya ce. Saboda haka lissafin a fili yake: in abin da ke cikin ƙaramar ruhewa ya lalace, dokin ba zai zauna a gidanmu ba.

Ni ke sharar tsakar gida, ni ke sabunta tokar duwatsu. Cikin rani wata safiya na sunkuya a bayan tsanin, ta ɓangaren da ke kallon bango, sai ga jan layin ƙasa ya bi jikin itacen tun daga gindi har sama, ya shige ƙarƙashin hular ciyawa. Na sa farce na kankare, ga gara nan farare suna gudu. Na kankare duka, na zuba toka mai zafi, na ce ko Allah zai sa yanzu suka fara. Washegari sun sake ginawa. Na kwanta rub da ciki na leƙa ƙarƙashin ruhewar, sai na hango wani ginin nasu a tsakiya, ya tashi daga ƙasa ya manne da gindinta, inda hannu ba ya kaiwa. Wato sun riga sun shiga ta sama, sun huda ta ƙasa, sun yi wa kansu hanya ta biyu. Magani ɗaya ne ya rage, a fasa baki a fitar da dawar a shanya, a ƙona cikin ruhewar, a tsira da abin da ya saura.

Na sami Baba a kan tabarmarsa na durƙusa na gaya masa, cikin ladabi iyakar yadda na iya, kuma ni iyawata a wannan fannin ba ta da yawa. Sai ya ce:

"Mi kinka gani cikin ruhewa? Leƙawa kinka yi?"

Na ce ban leƙa ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ya ce ƙasar da na gani ta zanzaro ce, gara ba ta san hanyar ruhewarsa ba, kuma ba a fasa abincin bazara da rani don mace ta yi mafarki. Na ce to ya ba maƙwabci izini ya fasa. Nan ya daka mini tsawar da ban ji irinta ba tun ina yarinya, ya ce shi bai mutu ba tukuna. Na fita ina huci, na huce a kan turmi. Geron ranar nan ya daku ba laifi.

Wallahi na yi tunanin hawa da kaina. Tsani ga shi, taɓarya ga ta, bugu ɗaya lakar za ta fashe. Amma katangar gidanmu gajera ce, kafin azahar duk Bodinga ta ji cewa ɗiyar wanzami ta fasa ruhewar ubanta yana numfashi. Ni ban damu da abin da za a ce da ni ba, an daɗe ana cewa. Shi ne zai zauna a ɗaki yana jin ƙarar bugun, yana sanin an lissafa shi cikin matattu. Ban iya yi masa haka ba.

Sai na ce bari in nemi namiji. Baba yana da ƙane a Shagari, Baffanmu, manomi ne mai albasa da 'yan shanu, yana da rufin asiri fiye da mu. Ranar kasuwar Shagari na bar wa matar maƙwabci Baba, na bi ayarin masu jakuna tun da asuba. Na isa ƙafafuna sun yi fari, na gaishe shi, na sha ruwa, na zayyana masa komai. Na roƙe shi ya zo ya yi wa wansa magana, in ya ƙi ji ya fasa ta da kansa, tunda jini ɗaya ne. Baffa ya saurare ni yana jan carbi. Ya ce maganata tana kan hanya, amma shi ba zai ɗora hannu a ruhewar yayansa ba muddin yana raye, kuma ba zai je ya ƙaryata shi a cikin gidansa ba sai in shi ya kira shi. Ya ƙara da cewa in yi haƙuri, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na ce, "Baffa, babban nan ko tafin hannunsa ba ya hangowa."

Matarsa ta kama baki. Shi kuwa ya dube ni ya ce Allah ya shirye ni, ya sa aka ɗaura mini albasa da ɗan ƙunshin kanwa na doki. Na kwana na dawo. Duk hanya kuka nake yi ina zagin gara, ina zagin kuza da masu kuza, har da maza baki ɗaya, waɗanda za su tsaya suna kallon abinci yana zama ƙasa don kada a ce sun yi rashin kunya. Har yau in na tuna amsar Baffa sai raina ya ɓaci, ko da yake na san shi ma tsakaninsa da Allah yake ganin girmama wansa yake yi.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Ina kankarewa suna ginawa. In gari ya yi tsit da rana tsaka na kara kunne a jikin ruhewar, sai in ji wani ɗan sauti a ciki kamar ana yayyafi a kan busasshen ganye. Harawar kan tsamiya ta yi ƙasa, na fara rage wa dokin, ina haɗa masa da karan dawa da na sassara. Haƙarƙarinsa suka fara fitowa. Baba yana shafa shi kowace safiya, hannunsa yana bin ƙasusuwan nan ɗaya bayan ɗaya. Na sake yi masa maganar ruhewa sau da yawa, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da faɗa. Amsarsa ɗaya ce, bazara ba ta yi ba.

Ranar da haƙurina ya ƙare, ina shara ne tsintsiya ta bugi tsanin, sai matakinsa na ƙasa ya ɓalle ya faɗo. Na ɗauka, ba nauyi ko kaɗan, ɓawo ne kawai, ciki duk ƙasa. Ban tsaya shawara da zuciyata ba. Na shiga ɗakin Baba, na kama hannunsa na dama, na ɗora masa guntun itacen a tafi, na ce masa wannan tsaninsa ne. Ya juya shi, ya shinshina, ya matsa da yatsu, abin ya ruguje masa a hannu, ƙasa ta zubo a kan rigarsa. Ya daɗe zaune da hannun a buɗe. Ni da na shigo da faɗa a bakina, sai na ji duk ya gudu, na tsuguna ina kakkaɓe masa riga.

Bai yi maganar ba ranar, bai yi washegari ba. Abinci ma sai ya taɓa ya ture. Sai da kasuwar Shagari ta zagayo ya ce in sami mai zuwa a gaya wa ƙanensa yana son ganinsa. Bai ce don me ba.

Baffa ya iso da hantsi a kan jakinsa, da damin harawa ɗaure a baya. Suka gaisa suka daɗe, lafiyar gida, lafiyar shanu, labarin waɗanda aka kai kuza. Sannan Baba ya ce a ɗaura wa dokinsa sirdi. Na zaci ruɗewa ce ta tsufa, na buɗe baki zan yi magana, Baffa ya ɗaga mini hannu. Shi ya riga ni ganewa. Tsani ya mutu, kuma ko da sabo ne Baba ba shi da ƙafar hawa, amma daga bayan doki hannunsa zai kai bakin ruhewa.

Baba ya sa aka ɗauko masa rigarsa ta zuwa suna da rawaninsa. Baffa da maƙwabcinmu suka ɗaga shi suka ɗora, ya laluba ya sa ƙafa a likkafa, ya gyara zama, bayansa ya miƙe yadda na san shi tun ina ƙarama. Dokin ya yi ɗan haniniya. Baffa ya kama linzami zai ja, Baba ya ce ya saki, ya nuna masa wajen da murya kawai. Daga turke zuwa ruhewa bai fi ka tofa yawu ba, amma da kansa ya kai dokin, ya tsayar da shi daidai jikinta. Ya ture hular ciyawa ta faɗi. Na miƙa masa dutse, ya yi bismilla ya buga, lakar ta fashe.

Wani wari ya taso, na rima da ruɓa. Baba ya zura hannu har kafaɗa. Ni ina ƙasa, ba na ganin ciki, kuma ko a ranar ban leƙa ba. Fuskarsa nake kallo. Ya ciro abin da ya kama kamar dami ne, da siffarsa da komai, yana ɗagowa ya wargaje, jar ƙasa ta zubo a kan gezar dokin. Ya sake zurawa ta wani gefen, haka. Ya sake. Dokin ya ji an buɗe wurin da ya san abincinsa ke fitowa, ya juyo da kai yana shinshina gwiwar Baba, yana motsa leɓe. Nan na juya baya na rufe fuska da zane.

Maƙwabcinmu ya kawo tsaninsa ya shiga ya kwashe. Abin da aka samu mai kyau, daga can gefen da rana ke bugu, bai cika ƙwarya biyu ba. Da an fasa tun ranar da na fara gani, Allah kaɗai ya san abin da za a tsira da shi, kuma ba wanda ya faɗi haka a wurin, har ni. Baffa ya fara cewa zai ga abin da zai iya aikowa daga Shagari, amma dukanmu mun san ba shi da dawar da zai ciyar da doki a wani gari har damina. A can gidansa dai akwai harawa da fadama kusa.

Baba yana kan sirdi har yanzu. Ya goge hannunsa a rigar, ya sunkuya ya kakkaɓe ƙasar da ke gezar dokin a hankali har ta fita. Sannan ya ce a sauke shi. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya laluba ya kama linzamin, ya nemo hannun ƙanensa ya sa masa.

"Tahi da shi. Ba sayarwa ba, ba aro ba, naka ne. Kanwa kaɗan shika so, kuma kada a ba shi ruwa da gumi a jikinai."

Baffa ya ce zai riƙe masa shi ne kawai har damina ta sauka. Baba ya ce a'a, ya faɗi abin da ya faɗa. Ya ƙi shiga ɗaki, ya ce in kai shi ƙofar gida. Muka tsaya a gindin tsamiya, hannunsa a kafaɗata. Baffa ya hau jakinsa, ya zare harawa ya riƙe a hannu ɗaya, linzami a ɗayan, suka kama hanyar Shagari. Baba ya karkata kai yana sauraren kofato har sautin ya fara nisa. Na ji yatsunsa sun matse mini kafaɗa.

"Ya waiwayo?"

Na so in ce e. Kalma ɗaya ce, kuma ba mai ƙaryata ni. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba ko a kan abin da ya fi wannan ɗaci, kuma da ya ji a muryata.

"A'a, Baba. Harawar hannun Baffa yake bi."

Ya gyaɗa kai. "To, madalla. Shina da ci ke nan."

Ya ce in mayar da shi ciki, na mayar da shi. Bai sake fitowa tsakar gida da safe ba. Ruwan farko na shekarar nan a kan kabarinsa ya sauka.